Rumbun Wali da Muryar Baba

Akwai wani malamin lissafi a garin Wudil mai suna Wali. Mutumin kirki ne, ga fara'a ga kyauta, sai dai Allah Ya yi shi da son a ce shi ne ya iya. Idan ya haɗa abu da hannunsa, to kada ka kuskura ka nuna masa inda ya karkace, sai ku kwana kuna musu.

Mahaifinsa, Malam Inuwa, fataucin shanu yake yi. Yakan ɗauki shanu daga karar Wudil ya kai Legas, ya yi wata da watanni bai dawo ba. A lokacin babu wayar hannu, don haka sai ya zauna gaban rikoda ya yi ta magana, ya ba direbobin tirela kaset su kawo gida. Wasu na matarsa ne, Inna Kande. Wasu na babbar 'yarsa Lubabatu. Guda ɗaya tak ya yi wa Wali shi kaɗai, kasancewarsa auta.

Malam ya rasu tun zamanin soja, Wali yana firamare. Hoto ɗaya ya bari, shi ma ya dusashe. Abin da ya rage wa iyalin nan na mahaifinsu shi ne muryarsa, cikin wani kwali da Inna take ajiyewa a ƙarƙashin gado.

To, da Wali ya girma ya yi aure, sai ciwon kwamfuta ya kama shi. Ya samo wata tsohuwar kwamfuta ya gyara, ya sa mata faifan ajiya guda biyu, wato abin da masu harkar suke ce wa hard disk. Ya tsara ta yadda duk abin da aka zuba a faifai ɗaya, nan take sai ya shiga ɗayan. Ya ɗora ta a kan durowa a falo, ya raɗa mata suna Rumbu.

Sannan ya je ya lallaɓi Inna ta ba shi kwalin. Ya yi hutun makaranta guda yana juye kaset ɗin nan cikin Rumbu, kuma ya juye su da nauyinsu, bai matse su don su rage girma ba, wai kada a rasa ko numfashin Baba.

Ranar da ya gama, jama'a, gidan nan kamar ana biki! Inna ta zo, Lubabatu ta taso daga Kausani da 'ya'yanta, har Kawu Haladu, ƙanen Inna, ya baro gonarsa a Utai. Wali ya danna, sai ga muryar Malam tar-tar ta cika falo: "Assalamu alaikum, Kande, ina fata kuna lafiya." Inna ta dafe ƙirji, tana kuka tana dariya. Yara suka yi ta leƙa bayan durowa suna neman mai maganar.

Wali kuwa baki har kunne, yana ta zagaye falo yana bayani.

"Ko faifai ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. Wannan abin ba ya ɓatar da komai, Inna. Komai!"

Lubabatu ta miƙo wayarta ta ce, "Auta, tura mini nawa a nan, in riƙa ji a gida."

"Haba Yaya Luba! Wayar da yara suke jefawa a randa? Muryar Baba ta fi ƙarfin waya. Duk mai son ji, ga falo nan, ƙofa a buɗe take."

Gaskiyar magana, ba tsoron randa ba ne. Daɗi yake ji a ce sai an zo gidansa, an zauna a kujerarsa, an jira ya danna. Lubabatu ta mayar da wayarta jaka.

Da za a watse, Kawu Haladu ya tsaya yana kallon kwalin.

"Yanzu waɗannan kaset ɗin sun gama aiki ke nan? Ka ba ni mana. Zarensu nake so in ɗaura a gonar shinkafa. Idan rana ta haska shi, iska ta kaɗa, ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka."

Matar Wali, Hanifa, ta yi saurin kallon mijinta. Ita fa kwamfuta ta karanta a jami'ar nan ta Wudil, ta san abin da take gudu. Ta matso ta ce a hankali, "Abban Afra, a bar su mana. Ba a san gobe ba."

Ya yi dariya ya ce, "Ke a takarda kika karanta, ni da hannuna na haɗa. Kawu, kwashe su duka."

Haka kwali ya hau bayan babur ya tafi Utai.

Aka yi ta tafiya, Rumbu yana aiki dare da rana. Kun dai san halin wutar ƙasar nan. A kawo, a ɗauke, a sake kawowa da ƙarfi. Duk lokacin da aka ɗauke, Rumbu sai ya mutu ɗif yana tsakiyar aiki. Hanifa ta yi maganar a sayi batirin da zai riƙe shi, Wali ya ce ai ƙarfe ne, ba jariri ba.

Wata rana abokansa malamai suna falo yana yi musu kurin Rumbu, sai na'urar ta fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa a gabanta. Wani ya ce, "Malam Wali, lafiya kuwa?" Kunya ta kama shi. Ya ce gaisuwa take yi. Da suka tafi ya shiga ya kashe ƙarar, ya yanko baƙin salatif ya manne fitilar. Shi ke nan, a wurinsa an yi maganin ciwo.

Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, Inna ta aiko cewa washegarin Sallah duk jikoki za su taru a gidansa, har da waɗanda ba su taɓa jin muryar kakansu ba. Wali ya hau murna, ya ce bari ya gwada tun yanzu. Ya danna kaset na farko. Abu ya yi ta juyawa, ya daɗe kafin murya ta fito, da ta fito ma sai ta riƙa sarƙewa.

Hanifa ta ajiye tsintsiya ta zo. Ta buɗe shafin da yake nuna lafiyar faifai, ta duba shi da kyau. Sannan ta kai hannu ta ɓare salatif ɗin nan, jar fitila ta bayyana.

"Tun yaushe wannan take ci?"

Wali ya sosa ƙeya.

"Abban Afra, faifai ɗaya ya daɗe da mutuwa. Ɗayan kuma duba nan, alamarsa ta koma ruwan ɗorawa, wurare da yawa a jikinsa sun lalace. Rana ɗaya ka saye su, wahala ɗaya suka sha. Don Allah kafin komai mu kwashe muryar Baba mu zuba a kwamfutata."

"Kwantar da hankalinki. Sabon faifai kawai zan sa, Rumbu ya juye masa komai da kansa. Ai don irin wannan ranar na haɗa shi."

"Juyewar nan sai ya karanta faifan nan kaf, tun daga farko har ƙarshe, har da finafinanka. Marar lafiya za ka sa ya yi dako."

Ina! Mutumin har ya sa hula. Shi so yake Rumbu ya ceci kansa da kansa, yadda ranar taro zai ba da labari. Ya kashe na'urar, ya ce kada wanda ya taɓa, ya tare mota a bakin gada sai Kano.

A kasuwar kayan kwamfuta ya haɗu da wani mai zaƙin baki, wanda ya ɗauko masa wani faifai mai nauyi ya ce, "Yallaɓai, wannan irin na manyan ma'aikatu ne. Ya fi ƙarfin na gida nesa ba kusa ba." Da Wali ya ji an ce manyan ma'aikatu, ko juya shi bai yi ba. Ya dawo Wudil cikin cunkoson motocin raguna, yana rungume da shi kamar an ba shi jariri.

Ya buɗe Rumbu, ya kai wayar da ake jona faifai bakinsa, ta ƙi shiga. Ya juya, ta ƙi. Ya danna da ƙarfi har gumi ya karyo masa.

Hanifa ta karɓa ta ɗaga shi a haske. "Kalli bakinsa. Naka akwai 'yar tsaga a tsakiya, wannan a haɗe yake. Ba irin na'urarka aka yi wa shi ba."

"In na ɗan goge wurin da zarto fa?"

"Sai ka yi asarar faifan da Rumbun gaba ɗaya."

Washegari jajiberin Sallah, ga azumin Arfa a bakinsa, ya sake bugawa Kano. Aka canza masa da wani mai ƙyalli, an manna masa sabuwar takarda. Wannan karon waya ta shiga ƙyat, Rumbu ya tashi, ya ga baƙon faifai ya karɓe shi. Wali ya daka tsalle a tsakiyar falo.

"Ya shiga! Maman Afra, fito ki ga aiki! Ya shiga!"

Ta fito tana goge hannu. Ta ce ya bari ta duba lafiyarsa tukuna. Da ta buɗe shafin sai ta riƙe haɓa.

"Wannan ya yi shekaru yana aiki ba a kashe shi ba. Tsoho ne aka rina wa gemu. Abban Afra, na roƙe ka, mu fara kwashe kaset ɗin."

"In an gama juyewa kya kwashi abin da kike so."

Ya danna. Wani layi ya fito yana tafiya a hankali, yana nuna yadda aikin yake ci gaba. Wali ya ja kujera ya zauna yana kaɗa ƙafa, yana yi wa 'yarsu Afra waƙa. Layi ya yi ta tafiya, ya kusa rabi.

Sai ya tsaya.

Daga cikin Rumbu aka fara jin wani sauti, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi. Tsohon faifan ne, wanda muryar Baba take ciki. Sabon kuma bai karɓi abin da zai amfani kowa ba, tunda aikin bai kai ƙarshe ba.

Nan fa Wali ya tuna da kwalin Inna. Ya zaro waya ya kira Kawu Haladu a Utai.

"Kawu, barka da rana, ya azumi? Kawu, kaset ɗin nan fa, ko akwai sauran da ba a warware ba?"

"Kai, Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan! Duk na ɗaure su, ko ɗaya ban bari ba. Bana tsuntsu bai ci mini ko zangarniya ba. In kana da wasu ma ka ajiye mini."

Wali ya sauke wayar. Ya tuna Inna da jikokinta, ya tuna Yaya Luba tana mayar da wayarta jaka. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya juya ya kalli matarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Maman Afra, me za mu yi? Duk abin da kika ce."

Wallahi wata ce da sai ta tsaya ta fanshe haushinta. Hanifa ba ta ce masa ko "ai na faɗa maka" ba. Ta tsayar da aikin, ta kashe Rumbu, ta cire baƙon faifan, ta buɗe murfin ta juyo fanka tana hura tsohon.

"Ya yi zafi. Sai ya huce sarai. Bayan nan za mu kunna, wataƙila sau ɗaya zai yarda ya tashi. Ka tayar da janareto, kada a ɗauke wuta muna tsaka da aiki."

"Yanzu mu kunna mana mu gani."

"A'a. Sai bayan la'asar."

Jama'a, wannan jiran ya fi masa azumin wuya. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa, ya kai hannu zai taɓa, ta harare shi ya janye. Ya je masallaci ya yi addu'ar da ya daɗe bai yi irinta ba. Ya dawo ya tayar da janareto, suka haɗa Rumbu da kwamfutar Hanifa, ya yi bisimilla ya kunna.

Faifai ya yi gurnani, ya yi ƙas sau ɗaya, ya yi shiru. Sai ga sunayen kaset sun jeru a allo!

"Ya tashi! Allahu Akbar, ya tashi!"

"Yi a hankali," in ji Hanifa. "Ɗaya bayan ɗaya za mu ɗauka, kuma ban san inda zai tsaya ba. Wanda ka fi so a tsira da shi, shi za ka fara zaɓa."

Hannun Wali ya tafi kai tsaye kan wanda aka rubuta wa "Na Auta". Nasa ne, shi kaɗai Baba ya yi wa magana a ciki, kuma babu wani irinsa a duniya. Ya ɗora yatsa, ya tsaya. Shi ya kawar da kwalin Inna. Shi ya hana Yaya Luba nata. Idan ya fara da kansa faifan ya mutu, da wane ido zai kalle su jibi?

Ya janye yatsan ya ce, "Fara da na Inna."

Na farko ya taho yana jan ƙafa, saboda nauyin da Wali ya juye su da shi. Ya tsaya, ya ci gaba, ya shiga. Suka yi kabbara tare. Na biyu ya shiga. Afra ba ta san me ake yi ba, amma duk sanda iyayenta suka yi ihu sai ta tafa hannu ta yi tsalle. Wali yana durƙushe gaban durowa yana lallashin ƙarfe kamar mai lallashin jaki a hawan tudu: "Yi haƙuri, ɗan ƙara kaɗan, saura kaɗan."

Na Inna suka ƙare kaf. Hanifa ta kalle shi.

"Na Yaya Luba," ya ce.

Ƙarar ƙas-ƙas ta dawo, tana ƙaruwa. Wani kaset ya maƙale har suka fitar da rai, can sai ya wuce. Gumi ya jiƙa rigar Wali sharkaf. Da na ƙarshen Lubabatu ya shiga, ya faɗi zaune a ƙasa yana dariya, hawaye yana zuba.

"Saura naka," in ji Hanifa, ta danna da sauri.

Layi ya fito, ya ɗan motsa. Faifai ya yi ƙas, ƙas, ya yi wani dogon kuka siriri, sai ya yi tsit. Sunayen da suke allo suka ɓace.

Suka kashe suka kunna. Suka sake jira ya huce, suka kuma gwadawa bayan an sha ruwa. Bai ƙara tashi ba. Daga baya ma an kai shi wurin masu gyara a Kano, suka ce sai haƙuri.

Washegarin Sallah gida ya cika maƙil, ƙamshin suya ko'ina. Tun daga bakin ƙofa Wali yake tare mutane da faranti.

"Kowa ya kawo wayarsa! Yaya Luba, taki ce farko. Kawu, har taka mai tocila, in dai tana da katin ajiya."

Shi da Hanifa suka rage nauyin muryoyin, suka yi ta turawa, waya bayan waya. Kafin a ci abinci, muryar Malam Inuwa tana tashi daga kowace kusurwa, wannan yana jin yana tambayar kuɗin gero, wancan yana jin yana ba da labarin ruwan Legas. Jikoki suna ta kwaikwayon sallamarsa. Lubabatu ta manna waya a kunne ta koma gefe, ba ta son kowa ya yi mata magana.

Inna tana tsakiya tana murmushi. Can ta ɗaga kai ta ce, "Auta, sa naka mana yaran nan su sha dariya."

Wali ya zo ya durƙusa a gabanta. Ya gaya mata komai, tun daga salatif har zuwa shekaranjiya, bai rage ba, bai kuma ɗora wa wuta ko ɗan kasuwa ba. Kawu Haladu ya cire hula yana jujjuya ta a hannu.

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Namu duka sun fito?"

"Sun fito, Inna."

"Naka ne kawai ka bari a ƙarshe."

Ya sunkuyar da kai. Ta dafa kansa, ta gyara zama ta ce, "Ai lokacin kaciyarka ya aiko shi. Bari ka ji."

Wali ya san kalmomin, shi ma ya haddace su. Amma ya zaro wayarsa ya danna ɗaukar murya, ya ajiye a gefen tabarmarta. Inna ta ɗan kausasa murya irin ta mijinta.

"Auta, an gaya mini wanzami ya zo. An ce wai ba ka yi kuka ba. To ni dai ban yarda ba, don na san ɗana."

Ta yi shiru na ɗan lokaci.

"A nan sai ya yi dariya. Wannan dariyar tasa ce ba zan iya yi maka ba."

Ta ci gaba har ƙarshe, da alkawarin takalmin da zai zo masa da shi, da addu'ar da ya rufe da ita. Wali yana durƙushe yana kuka kamar yaro, babu wanda ya hana shi.

A ranar ya tura wa kowa wannan ma. Har yau idan ya kunna, muryar Inna ce take faɗin maganar Baba, kuma idan aka zo wurin dariyar, shiru ake ji.

Darasi: Abin da yake na kowa, kada ka kulle shi a hannunka don a riƙa zuwa ana yaba maka. Idan na'ura ko mutum ya yi maka gargaɗi, ka tsaya ka saurara, toshe gargaɗin ba ya warkar da komai. Duk abin da ba za ka iya sake samu ba, ka ajiye shi a wuri fiye da ɗaya tun yau, kuma ka ji shawarar na kusa da kai kafin lokaci ya ƙure. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda kuka san hotuna da muryoyin gidanku duk a wurinsa suke.